Ƙafar Direban Bas

Ranar da aka yanke wa direban bas ƙafar dama, matarsa ba ta zubar da hawaye ba. Ƙaramin likitan da ya zo duba ɗinki ta tsare a bakin ƙofa, ta ce ya faɗa mata gaskiya don Allah.

Ya yi ta kame-kame, sannan ya yi bayani. Idan hanyar jini ta toshe a ƙafa, akan yi wa jinin sabuwar hanya, ko da jijiyar da aka ciro daga jikin mutum, ko da bututun roba. A cinya roba kan yi aiki. Ƙasa da gwiwa kuwa jijiyar mutum ta fi daɗewa, ta fi jure ƙwayar cuta. Ba a sa roba a nan sai an rasa jijiya mai kyau.

"Tasa ba ta da kyau ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Ba a duba ba. Ciro jijiya yana cin lokaci."

Babban likitan da ya yi aikin hanyar jinin tun farko, Walƙiya ake ce masa saboda sauri. Robar da ya sa wa mijinta ƙasa da gwiwa ce ta toshe, ta ruɓar da ƙafar.

Daga makon nan, duk ranar da Walƙiya yake ganin marasa lafiya, sai ta zauna a bencin masu jiransa ta ɗora takalmin mijinta na dama a cinya. Kowa ta gani yana ɗingishi, sai ta matsa kusa.

"Baba, in ka shiga ka ce a duba jijiyarka tukuna. In ya ce roba, ka tambayi dalili. Mai wannan takalmin bai tambaya ba."

Maigadi ya kore ta, ta koma bakin titi inda motoci ke sauke mutane. Layin Walƙiya ya fara ramewa. Waɗanda suka shiga ma sai su cika shi da tambayoyi.

Wata rana ya fito da kansa, yana murmushin dole.

"Baiwar Allah, ƙaddara ce. Zan sa a yi wa mijinki ƙafar roba kyauta."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Robar kuma?"

Masu jiran mota suka kwashe da dariya.

A gida mijin ya yi tsaki. "Maman yara, da kin karɓo min. Ni tafiya nake so."

"Za ka yi tafiya, amma ba da sadakarsa ba."

Yayanta, wanda kafinta ne, ya sassaƙa masa sanduna, ya koyi fita har bakin tasha wajen tsofaffin abokan aiki. Hukumar asibiti kuwa ta kira zama, aka hana Walƙiya aikin ƙafa. Ya tattara ya koma wani gari mai nisa.

Da ta ji, sai ta bi mijinta tasha ta tambayi wa ke bin hanyar garin. Direbobi shida suka ɗaga hannu. Ta zaunar da su, ta koya musu bambancin jijiya da roba har ya zauna a bakinsu. Kafin Walƙiya ya kafa allon sunansa, fasinjoji sun kai labarinsa kasuwar garin.