Sunan da 'Yardada Ba Ta Faɗa

Laburaren unguwarmu a Madabo ɗaki biyu ne da zaure, wani tsohon malamin makaranta ya bar shi wakafi. Ni Shamsiyya aka damƙa wa mukullin, don kowa ya san ban iya cewa a'a ba. Da na ƙirƙiro zaman karatu na mata duk Asabar bayan la'asar, 'yan mata na sa ran gani. Sai ga tsofaffi sun cika mini ɗaki, kowacce da carbinta da ciwon gwiwarta. Wasu ido ya yi rauni, wasu ba su yi boko ba, dole na zama mai karanta musu a fili.

Na fara da littattafan tarihi, suka yi ta gyangyaɗi har da masu minshari. Wata rana na buɗe wani kwali da aka kawo mana kyauta, na tarar da jerin littattafan bincike, labarin wata 'yar sanda mai suna Sajan Ikram, kowane littafi da gawarsa da mai laifinsa. Tun daga ranar babu wadda ta sake rufe ido. Matan da ko ƙadangare ne ya faɗo sai sun yi salati, su ne yanzu suke tsayar da ni suna tambaya ko a fura aka zuba gubar ko a shayi.

Su da kansu suka kafa doka. Kafin a karanta babin ƙarshe, kowacce za ta faɗi wanda take zargi, a bi shekaru, babba ta fara. Wadda ta fara cankewa ita ke zaɓar abin da za a karanta gaba, kuma ita ke zama a kujera mai laushi da ke ƙarƙashin fanka. Tunda aka fara, kujerar nan ba ta san kowa ba sai Hajiya 'Yardada. Ta girmi kowa, kuma ba ta taɓa kuskure ba. Cewa take yi ita da ta tsufa tana raba faɗa a gidan yawa, babu maƙaryacin cikin littafi da zai ruɗe ta.

Wadda abin ya fi ci wa rai ita ce Hajiya Turai, ƙawarta tun suna 'yan mata, wadda ke bi mata a shekaru. Turai ta rantse duk ranar da kujerar ta zo hannunta, an gama da gawa da guba, littattafan soyayya za mu koma. 'Yardada kuwa ta ce gara a rufe laburaren da a zaunar da ita tana jin wani ƙato yana kuka saboda budurwa.

Wani mako 'Yardada ta tafi biki Zariya, ta bar sallahu cewa Turai ta zaɓo mana ɗaya daga cikin littattafan Sajan Ikram. Turai ta zo da zaɓinta a shirye, ko lalube ba ta yi ba. Sai daga baya na ji ashe jikarta Bahijja, wadda ke jami'a, ta sa ta karance jerin kaf, ta gaya mata yadda kowanne ya ƙare.

Labarin wani attajiri ne mai sayar da turare, Alhaji Nata'ala, da aka tsinci gawarsa a shagonsa. Ana zargin direbansa Mamman, da ƙannen matarsa guda biyu, Mikail da Haruna. Ranar da 'Yardada ta dawo, ina isowa kan sunan na ƙarshe sai ta shiga gyara mayafi kamar an taka mata ƙafa. Turai kuwa ta jefa goro a baki tana tauna a hankali.

Haruna sunan ɗan farin 'Yardada ne. Kowa ya san uwa tana kunyar ɗan fari, amma ita ta kai abin maƙura. A hannun kakarsa ya tashi, Yaya yake ce mata. Yau Alhaji ne mai shagon yadi, gemu ya yi fari, yana da jikoki, amma a bakinta har gobe "yaron nan" ne. Hatta mai shayin bakin layinsu da ya ci sunan, ta gwammace ta yi ta tafa hannu har ya waigo.

Makonnin da muka yi muna karatun, na ga yadda ta rame a tsaye. Tun a tsakiyar littafin na san ta gane mai laifin, domin ta daina tsokanar kowa. Da farko ta yi ƙoƙarin ɗora wa Mamman direba.

"Wannan direban idonsa bai kwanta mini ba," in ji ta.

"Yaushe kika ga idonsa?" Turai ta tambaya. "A takarda?"

'Yardada ta kau da kai. Ita ma ta san direban yana asibiti da mahaifiyarsa lokacin da abin ya faru, kuma ba ta iya yi wa kanta ƙarya.

Asabar ɗin babin ƙarshe hadari ya haɗo ta gabas, amma ɗakin ya cika har da masu zama a tabarma. Na sa yatsa a shafin, na rufe littafin, na ce, "To, Hajiya, ke ce babba. Wa ya kashe Alhaji Nata'ala?"

'Yardada ta gyara zama. "Ƙanen matarsa ne."

"Ƙannenta biyu ne," in ji Turai. "Wanne?"

"Ba Mikail ba. Ɗayan."

"A'a, ƙawata. Suna ake faɗa. Ke kika kafa dokar da bakinki, ranar da na ce mai jar hula ne kika ce kasuwa cike take da jajayen huluna. Ko ba haka aka yi ba, jama'a?"

Jama'a suka ce haka aka yi. Tsofaffin nan ba su da tausayi ko kaɗan, in dai za a yi kallo.

"To, mai sunan ɗan'uwan Annabi Musa, alaihimas salam."

Duk muka amsa salatin. Turai ta jira muka gama, sannan ta ce, "Allah ya ba da lada. Amma ba wa'azi muka zo ba."

"Mai sunan yaron nan," in ji 'Yardada.

"Yaran unguwar nan ai ba sa ƙirguwa."

Gaskiya ta ba ni tausayi, duk da dariyar da nake dannewa har cikina yana ciwo. Na ce ko za a bari ta raɗa mini a kunne. Turai ta ce raɗa ba faɗa ba ce, ita ma 'Yardada ta harare ni, don ko a kunne ba za ta iya ba. Zufa ta keto mata a ƙarƙashin fankar da take taƙama da ita.

Turai ta miƙe, ta kakkaɓe zani, ta zo ta dafa hannun kujerar. "Tunda babba ta kasa, layi ya zo kaina. Shamsiyya, ki fara kakkaɓe mana littattafan soyayyar nan na saman kanta. Akwai wani da Bahijja ta ce saurayin har suma yake yi. Wanda ya kashe Alhaji Nata'ala dai shi ne..."

'Yardada ta buga sandarta a ƙasa.

"Haruna ne! Haruna!"

"Na'am, Yaya."

Daga zaure muryar ta fito, muryar namiji, babba. Duk muka waiga ƙofa. Ashe da Alhaji Haruna ya ga hadari sai ya rufe shago da wuri, ya biyo da mota ya ɗauki mahaifiyarsa kada ruwa ya tare ta. Da ya tarar taron mata ne, ya tsaya a zaure yana jiran a tashi. Na leƙa na gan shi ya taso daga kan benci, takalmi ɗaya a ƙafa, yana tsaye a bayan labule kamar ɗan makarantar da malami ya kira.

'Yardada ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya. Daga ciki ta ce, "Wa ya kira ka? Ba da kai nake ba."

"Na ji kamar an kira ni ne."

"Kisan kai ta ce ka yi, Alhaji," in ji Turai, amma ita ma muryarta ta sauya. "A turare ka zuba wa surukinka guba."

Daga bayan labule ya ce, "In dai ita ta faɗa, Hajiya, na amsa laifin."

Wasu suka fashe da dariya, wasu suka hau share ido da gefen mayafi. Turai ta saki hannun kujerar ta koma mazauninta, ta ce goron yau ɗaci ne da shi. Ni kuwa na tsaya ina kallonsu, littafin a rufe a hannuna.

"Karanta mana, ke kuma," in ji 'Yardada daga cikin mayafi. "Kin tsaya kina kallon mutane."

Na karanta. Sajan Ikram ta tara su a shagon, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta sa wa Haruna ankwa. Babu wadda ta yi guɗa yadda aka saba. Ruwa ya sauko, aka yi ta neman takalma, 'Yardada ta wuce ta gaban ɗanta ta shige mota ba tare da ta dube shi ba.

Ina cikin rufe tagogi sai na ga ya dawo zauren, ruwa ya jiƙa masa kafaɗa. Na zaci sandarta ta manta. Ya tsaya yana murza hularsa a hannu, dattijo guda da furfura, ya rage murya don kada a ji daga mota.

"Malama Shamsiyya, don Allah in tambaye ki. A sauran littattafan, akwai wani mai sunana?"