Huji Bakwai a Bel ɗin Direba

Tana ɗaure igiyar takalmin ne 'yarta ta leƙo daga ɗaki.

"Mama, takalmin Baba ne fa. Ya yi miki yawa."

"Na cusa tsumma a gaba. Je ki ɗora ruwa."

Wata biyar ke nan da rasuwar mijinta, Direba. Shi ya sa mata suna Sajan, tun ranar da likita ya dubi tumbinsa ya ce ko ya rage ƙiba, ko ƙiba ta rage masa kwana. Daga ranar ta kulle sukari a akwatinta, ta hana tukunya mai, gishiri kuwa sai abin da yatsa biyu suka ɗauko. Kullum da safe ta kora shi tafiyar awa guda. Ya dawo yana haki, riga sharkaf, ta tare shi da dafaffen ganye.

Kuma ya rame. Duk sanda wando ya fara zamewa, sai ta sa ƙusa a wuta ta yi wa bel ɗinsa sabon huji. Bakwai ta yi, tana nuna wa maƙwabta kamar lambar yabo. Bayan na bakwai ya faɗi a banɗaki. A asibiti aka ce ciwo ne a cikinsa, ya daɗe yana cin sa. Mako uku ya ƙara.

Abin da ya tsaya mata a rai shi ne, mutum yana mutuwa, ita tana ƙirga masa loma. Akwai ranar da ya roƙi sukari cokali ɗaya tak a shayi, ta ce, "Sai huji na takwas."

Yanzu ita likita ya sa wa doka, jininta ya hau. Ta sauke kilo huɗu da kame baki, amma ya ce sai ta haɗa da tafiya. Ta san hanyar Direba a ka, don ya sha faɗa mata: a miƙe titi, a wuce gidan mai, a zagaya filin ƙwallo sau biyu, a dawo ta bayan makaranta.

Ko gidan man ba ta kai ba ta ji kira daga wata rumfar shayi.

"Baiwar Allah, tsaya! Na san takalmin nan. Igiyar hagu ja, ta dama fara." Mai shayin ya matso, ya dube ta. "Ke ce Sajan?" Sai ya dafe bakinsa. "Yi haƙuri, Hajiya. Allah ya ji ƙan Direba. Zauna, ga bencinsa nan."

"Bencinsa? Ai wucewa yake yi ta nan."

Mai shayi ya sosa ƙeya. "Wucewa kam, ban taɓa gani ba."

Ta zauna a kan bencin.

"Faɗa mini."

"Ƙwai uku. Rabin burodi da bota. Shayi da madara, sukari cokali huɗu. Ya ajiye agogo nan kusa da kofi, awa na cika ya miƙe."

"Gumin fa? Da hannuna nake matse rigar."

Ya nuna buta da leɓe. "Gaba shi yake yayyafawa. Baya ni nake zuba masa, hannunsa ba ya kaiwa. Hakin kuma ya ce daga kwanar gidanku yake farawa."

"Amma yana ramewa."

"Abin da na gaya masa ke nan. Na ce, Direba, mai cin irin wannan ba ya ramewa, je asibiti. Ya ce in ya je likita zai tambayi abin da yake ci, ga Sajan zaune a gefe. Na matsa masa, sai ya ce, 'Ba ka ga fuskarta ba in tana huda bel ɗin nan. Shekara talatin ban taɓa yin abin da ya faranta mata haka ba.'"

Ta dubi bencin. Gefe ɗaya ya lotsa, ya yi sumul.

"Shashasha," ta ce. Dariya ta taso mata haɗe da kuka, ta rasa wanda za ta fara. Ta goge ido da bakin mayafi. "Ashe dai bai tafi da yunwa ba."

"Yunwa? Hajiya, ranar da yake cikin nishaɗi ƙwai huɗu ne." Ya ɗauko kofi. "In haɗa miki irin nasa?"

Ta dubi gwangwanin sukarin, buɗe, cokali tsaye a ciki.

"Ruwan zafi da ganyen shayi. Kar ka sa komai."

Ta shanye, ta sunkuya ta ƙara ɗaure jar igiyar.

"Filin ƙwallon nan, ta ina ake shiga?"

"Wane fili? An fi shekara uku da gina shaguna a wurin."

Ta miƙe, ta gyara mayafi.

"To, zan zagaya shagunan. Takalmin nan sabo ne, ko dunduniyarsa ba ta ci ba."