Zoɓon Malam Barau

Malam Barau ya ci amana, kuma da rana tsaka ya ci ta, a makarantar da ke ba shi abinci.

A wata ƙaramar sakandare da ke gefen Gagarawa, shugabar makaranta Hajiya Tayyiba ta tattara bulalun malamai ta kulle a kabad. Ta sa aka share tsohon sito, aka shimfiɗa tabarmi, aka rubuta a ƙofa: Ɗakin Shawara. Duk ɗalibin da ya yi laifi a kai shi can, a zauna da shi, a tambaye shi abin da ke damunsa. Shugaban kwamitin iyaye, Kawu Ya'u, mai shanu ne, kuma bai yarda da tarbiyyar da ba ta da zafi ba. Ya ba ta zango ɗaya. In laifi bai ragu ba, da hannunta za ta buɗe kabad ɗin.

Ta damƙa ɗakin ga Malam Barau saboda furfurarsa da taushin muryarsa. Abin da ba ta sani ba, yana da gonar zoɓo a hanyar Maigatari, ga shi kaka ta yi. Wahalar zoɓo kuwa ba nomansa ba ce, ɓararsa ce: a zauna a riƙa zare jan ɓawon daga ƙwallon iri, ɗaya bayan ɗaya, har yatsu su rine.

Ranar farko aka turo masa 'yan mata uku da suka yi surutu a aji. Ya rufe ƙofa, ya jawo buhu daga bayan allo.

"'Ya'yana, aiki shi ne shawara," in ji shi. "Ku sa hannu."

Ya kunna musu rediyo, ya zube musu soyayyar gyaɗa, ya ɗora hula a fuska ya yi barcinsa. Suka ɓare, suka ci, suka yi hira har aka tashi. Da malamai suka ga jan yatsu, sai suka ɗauka lalle ne.

Kafin mako ya zagayo labari ya game makaranta: akwai ɗaki mai inuwa da rediyo da gyaɗa, babu lissafi, kuma laifi ne tikitin shiga. Sai yara suka haukace. Ummulkhair, wadda ba ta taɓa ɗaga murya ba, ta hau benci ta rangaɗa guɗa. Wani ya sa takalmi a ka ya shigo aji. Zayyad, ɗan Kawu Ya'u, ya yi kukan bunsuru ana tsakiyar darasin lissafi, har akuyar maigadi ta amsa daga waje.

"Malam, ni ma na yi dariya! A tura ni!"

"Ƙarya yake, Malam, ni na fara!"

Hajiya Tayyiba ta ga layi a ƙofar ɗakin, ta ga sunayen masu laifi sun ninka uku, ta rasa abin da ke mata daɗi. In ta tambaya, Malam Barau ya ce, "Ranki ya daɗe, sirri ne tsakanina da yaran. Ke kika ce kada a riƙa leƙo mu."

Ran nan da hantsi sai ga Kawu Ya'u, sanda a kafaɗa, yana jan Zayyad da hannu ɗaya.

"Hajiya! Mu kin hana mu duka, ke kuma kina fasa hannun yara a ɓoye? Dubi jini!"

Ta kama tafin yaron ta duba. Babu rauni ko ɗaya. Ta shinshina, ta ji tsamin zoɓo.

"Zayyad, me kuke yi a ɗakin shawara?"

Ya sunkuyar da kai. "Shawara, Hajiya."

"Buhu nawa?"

"Huɗu. Muna kan na biyar."

Suka nufi ɗakin. Da ta tura ƙofa, ga yara ashirin da wani abu sun zagaye tulin zoɓo, rediyo na kiɗa, Ummulkhair na ba da waƙa ana amshi, Malam Barau na minshari. Kawu Ya'u ya tsaya baki buɗe, sai dariya ta ƙwace masa, har ya dafa bango.

Da ya share hawaye ya ce, "To, Hajiya, buɗe kabad."

"Kawu, ai ba a gwada shawarar ba tukuna. Ba ni minti goma, a gabanka."

Ta zauna a tabarma, ta zaunar da Zayyad kusa da ita. Ta tambaye shi me ya sa kullum a darasin lissafi yake zama bunsuru. Ya murza jajayen yatsunsa. Can ya ce a bencin baya yake, ba ya ganin abin da aka rubuta a allo, in aka tashe shi kuma a yi masa dariya. Gara ya sa su dariyar da kansa.

Kawu Ya'u ya dubi ɗansa. "Shi ya sa kake kiran jar saniya da sunan baƙa in sun yi nisa?"

"Eh, Baba."

"Ni kuwa ina ta zabga maka sanda." Ya sauke sandar daga kafaɗa ya jingine ta. "Gobe za mu Gumel a duba idon. Hajiya, bar kabad ɗinki a kulle. Amma wancan mai barcin, a tashe shi."

Kwamiti ya zauna a ranar. Aka karɓe ɗakin daga hannun Malam Barau, Hajiya Tayyiba ta riƙe da kanta, aka cire ƙyauren aka sa labule. Buhu huɗun da yara suka ɓare aka dafa, makaranta ta shanye a gabansa. Na biyar ya ɓare shi kaɗai a filin taro, babu rediyo, babu gyaɗa, sannan aka rubuta masa takardar gargaɗi.