Sati Takwas a Kwallar Hajiya

Na dawo gida Kusfa daga karatu a Malesiya, na tarar ƙanena Muhsin ya zama masanin kasuwar hannun jari. A waya ya koya. So yake mahaifiyarmu Hajiya ta sayar da hannun jarin da marigayi mahaifinmu ya bar mata, wanda da ribarsa ake biyan kuɗin makarantar autarmu Su'ad. Shi zai riƙa juya kuɗin: ya saya Litinin, ya sayar Alhamis.

"Yaya Raihana, ana ganin alama kafin farashi ya tashi," ya ce. "Ke takarda kika karanto, mu kasuwa muka karanta."

Na ce, "Wanda ya sayar maka ma alama ya gani. Dole ɗayanku ya yi kuskure. Dillali kuwa ya ci la'ada wajen ku biyun."

Kawu Bala ya zo daga ƙauye gaida Hajiya. Shekara talatin yana sayen masara da kaka, ya ajiye sai damina.

"Ni da na san watan tsada tun ina yaro, bara sai da kasuwa ta kayar da ni," in ji shi. "Na ajiye, farashi ya faɗi, ƙwari suka ci rabonsu. Kai ne za ka hango kwana uku?"

"Kawu, wannan ba masara ba ce," in ji Muhsin.

"Ƙwarai. Masara in ta ƙi sayuwa, a yi tuwo."

Hajiya ta jawo kwallar da take ajiye takardun gida. Ta ce kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, Muhsin ya rubuta abin da zai saya da ranar da zai sayar, ta rufe takardar a ciki. Sati takwas. In ya ci, za ta sakar masa hannun jarin.

Ranar buɗewa ni na karanta. Ya dace sau biyar, ya kuskure sau uku. Ya miƙe yana kirari. Na ce ya cire la'adar dillali. Ya zauna da biro, ya daɗe. Da kansa ya gano wanda ya saya ya ƙyale bai sayar ba ya fi shi samu.

"Hajiya, rufe kwallarki," ya ce.

Bayan la'asar ya same ni a zaure, riƙe da rahoton shekara na kamfanin da Hajiya ke da hannun jarinsa, wanda tun rasuwar Baba ba wanda ya buɗe.

"Yaya, ta ina ake farawa?"

Na matsa masa a tabarma.