Keken Kofur

Ƙwallon zare ne ya faɗo daga kwandon da ke bayan keken Sibdu Nikiyema, ya gangara tsakiyar titin da ke bin bakin madatsar ruwa ta Tangin. Ba ta ko juya ta duba hanya ba, ta ce, "Kofur, ɗauko." Karen ya zabura kamar yadda ya saba. Babur mai ƙafa uku, maƙare da buhunan siminti, ya kwashe shi ta baya, ya wuce bai tsaya ba.

Shekarar Sibdu arba'in da bakwai a lokacin. Shan inna ya shanye mata ƙafafu tun tana 'yar shekara huɗu, kuma duk mai bin wannan titi na Wagadugu ya san ta da kekenta na guragu mai tuƙin hannu, da jan kare a gefenta. Saƙa take yi a gidan ƙanenta Nobila, inda take da ɗaki da rumfa. Shekara shida ke nan da ta tsinci Kofur yana ɗan kwikwiyo a bayan coci, ta koya masa abin da babu wanda ya taɓa koya wa kare a unguwar. In ƙoshiyar saƙa ta suɓuce mata, shi ke miƙo ta. Shi ke tura ƙyauren gida da ƙirjinsa ta wuce. In sun iso hawan gada, ta ɗaura masa igiya a kafaɗa, tana tuƙi yana ja har su hau.

Masu lambu biyu ne suka ɗora mata shi a kan cinya. Da shi a haka ta tuƙa keken har asibitin dabbobi, bai yi kuka ba, sai lasar hannunta da yake yi.

Likitar, wata doguwar mace mai tabarau, ta daɗe tana latsa bayansa, ta mintsini yatsun ƙafafunsa na baya da almakashi mai kama da hantsaki. Ko motsi bai yi ba.

"Ƙashin baya ne, Madam," in ji ta. "Wannan ba zai kashe shi ba. Amma ƙafafun nan biyu sun tafi ke nan. In kina so akwai allura, zai yi barci ba tare da ya ji komai ba."

"In ba na so fa?"

"To sai aiki. Ki riƙa matsa masa mara yana fitsari sau uku a rana, ki riƙa juya shi kada ya yi gyambo. A wasu ƙasashe ana yi musu keke. A nan dai ban taɓa ganin wanda ya yi ba."

Sibdu ta ce a ba ta maganin ciwo kawai.

Sati biyu ta yi ba ta gama zane ko ɗaya ba. Ta zauna a masaƙa, ta yi kamu ɗaya, ta ga ta sa baƙin zare inda ya kamata ta sa fari, ta warware. Ta sauko ta ja jiki zuwa tabarmar Kofur, ta juya shi, ta koma. Kafin ta jefa ƙoshiya sau goma ta sake saukowa. Shi kuma ya ƙi zama. Da ya ji motsin ƙyaure sai ya ja ciki da ƙafafun gaba zuwa ƙofa, fatar cinyoyinsa na gogar ƙasa har ta saluɓe. Ranar da ƙoshiya ta faɗi, ya yunƙura zai ɗauko ya kife, Sibdu ta rufe masaƙar da zane ta bar ta.

Da rana tsaka Nobila ya dawo cin abinci, ya tsuguna a bakin rumfarta da kwanon wake da shinkafa.

"Yaya, mutumin nan mai dafa naman kare a gidan burkutu ya tare ni jiya. Ya ji labarin karen."

"Ya ji me?"

"Cewa ya yi in an rasa yadda za a yi da shi, shi zai zo ya ɗauka. Ni dai saƙo na kawo."

Ƙwaryar zare ce mafi kusa da hannunta, ita ta jefa masa. Ya kauce, ta fashe a jikin bango.

"Ni da aka rasa yadda za a yi da ni, wa ya zo ya ɗauka?"

"Haba Yaya, wa ya haɗa ki da kare? Dubi yadda yake wahala. Dubi ke kanki, kin rame, ko abinci ba ki ci."

Pogbi, matar Nobila, ta leƙo daga madafa ta ce, "Ka tashi ka bar mata wurin tun ba ta kai ga tukunyata ba."

Washegari Sibdu ta nufi wajen Drabo. Mai walda ne a rumfar ƙungiyar guragu da ke bayan kasuwa, shi ya ƙera kekenta kuma shi ke gyara mata. Ƙafarsa ɗaya ce, yana aiki a zaune bisa wata tsohuwar kujerar mota. Basamo ne, ita kuma Bamosa, ƙabilunsu Samo da Mosi taubasan juna ne, don haka tun ranar da suka san juna ba su taɓa gaisawa ba zagi ba.

"Ga baiwata ta zo gaida ubangidanta," in ji shi, yana ɗaga gilashin walda. "Me kika kawo mini?"

"Bawan banza, kare na kawo maka."

"Madalla! Dafaffe ko ɗanye?"

"Na san ku Samo, ba ku ga kare ba yawunku ya zuba. Wannan kuwa, keke za ka yi masa."

Ya fara dariya, sai ya ga fuskarta, ya kuma ga Kofur a cikin kwandon baya an naɗe shi da tsohon zane. Ya ɗauko sandunansa ya matso. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ciro igiyar awo daga aljihu.

"Riƙe masa baki. In ya cije ni, ke zan rama a kanki."

Keken farko da bututun ƙarfe ya yi shi, irin wanda yake yi wa mutane, da tayoyin baro guda biyu. Da aka ɗora Kofur a ciki, ya yi taku ɗaya, nauyin ya janyo shi baya, ya zauna yana haki yana kallon Sibdu. Drabo ya ce a ba shi kwana huɗu. Sibdu ta dawo a rana ta biyu, ta dawo a ta uku, tana zaune a bakin rumfar tana kaɗa hannun tuƙin kekenta gaba da baya har ƙarar sarƙar ta ishe shi.

"Ke, in ba za ki tafi ba, riƙe mini wannan."

Sandunan dogarawa ne na gorar ruwa, marasa nauyi, na wani tsoho da ya rasu aka kawo wa ƙungiyar. Ya yanka su biyu, ya haɗa da tayoyin keken yara. Wannan karon Kofur ya yi tafiya. Ya zagaya rumfar sau biyu a karkace kamar mashayi, masu gyaran babur na maƙwabta suka fito suna ihu. Amma kafin su isa gida maɗaurin ya goge masa hammata har jini. Likita ta duba ta ce kada a sake sa shi a ciki sai ciwon ya warke sarai, kwana goma aƙalla.

A rana ta biyar Sibdu ta sa shi. Ta ce wa kanta zagaye ɗaya ne kawai a tsakar gida. Ciwon ya buɗe ya fi na farko, ya fara ruwa.

Drabo bai yi mata wasa ba da ta kai masa keken a gyara maɗaurin.

"Gaggawar me kike yi, Sibdu? Ki ji da kyau, ko na yi masa keken zinariya, karen nan ba zai sake jan ki a gada ba. In don haka kike azabtar da shi, gara ki koma wajen likita ta yi masa allurar."

"Kai ka san abin da ke raina?"

"Ban sani ba. Faɗa mini."

Ta murza bakin zanenta. Can ta ce, "Ni na aike shi. Zare ne ya faɗi, zaren da ina da irinsa cike da kwando a gida. Ban ko duba titi ba na ce ya ɗauko." Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, har Pogbi da ke taya ta wanke tabarmarsa kullum.

Drabo ya sosa gemu. "To kin aike shi, ya je. Yanzu kuma so kike ya tashi da wuri don ki samu sauƙi a zuciyarki. Bar shi ya warke. Je ki saƙa mini maɗauri da auduga mai laushi, faɗinsa kamar tafin hannu, ninki uku. Wannan robar ce ke cin sa. Ko saƙar ma Mosi ba ku iya ba?"

Abin da ta fara gamawa ke nan a masaƙa tun ranar haɗarin. Ta saƙa, ta ga ya yi tauri, ta warware ta sake. Ta ƙirga kwanakin da likita ta ce, ta ƙara biyu a kai, ko da yake kowace safiya sai ta ɗauko keken ta juya tayoyinsa da hannu ta mayar.

Ranar Asabar da hantsi Drabo ya zo gidan da kansa. Suka zura ƙafafun Kofur na baya cikin majanyin da aka yi musu, suka ɗaure sabon maɗaurin a ƙirji. Karen ya tsaya cak, ya waiga ya shinshini taya ɗaya. Daidai nan Pogbi ta buɗe ƙyaure za ta zubar da ruwan wanki.

Kafin wani ya ce uffan ya fice.

"Kofur!"

Ko waigowa bai yi ba. Nobila ya ɗaga yayarsa ya ɗora a kekenta, ta fita tana tuƙi da duk ƙarfinta, Drabo na bayanta a babur ɗinsa yana ihu a ba su hanya. Ta hango jar wutsiya da tayoyi biyu suna tsalle a kan duwatsun lungu, kaji na watsewa. Ya bi ta gaban gidan burkutu, gabanta ya faɗi, amma mashayan tashi kawai suka yi da ƙorensu a hannu suna kallo baki buɗe. Ya sha kwana ya nufi babban titi.

Ta bi shi. Babura na ta zuba ta kowane gefe. Ta ji ƙarar birki, ta ji wata mata ta kurma ihu, ta rufe ido tana tuƙi. Da ta buɗe ba ta ga komai a kwalta ba. Wani mai sayar da mai a kwalba ya nuna mata gangaren madatsa da hannu, dariya ta hana shi magana.

A cikin lambun latas ta same shi. Taya ɗaya ta hau kunya, keken ya kife, shi yana kwance a gefe cikin laka, ɗaya tayar na juyawa a sama. Mai lambun na tsaye da butar ban ruwa yana surfa masifa, Kofur kuwa sai kai wa ruwan da ke zuba daga butar cizo yake yi, yana haushi. Rabonta da ta ji ya yi haushi tun kafin haɗarin.

"Na wane ne wannan abin?" in ji mai lambun. "Kare ne ko amalanke? Dubi latas ɗina!"

"Nawa ne, Baba. Yi haƙuri. Don Allah ɗago mini shi, ba zan iya saukowa nan ba."

Ya ɗago shi yana gunaguni, ya tsayar da shi a kan tayoyinsa, sannan ya ja da baya ya ƙare masa kallo, ya ƙwala wa maƙwabtansa kira su zo su ga abin da bai taɓa gani ba. Sibdu ta zura yatsa ƙarƙashin maɗaurin ta duba hammatar. Babu jini. Sai da ta zauna a wurin har rana ta take.

Drabo ya sake faɗaɗa tsakanin tayoyin don kada ya riƙa kifewa. Kofur bai sake yin aiki a titi ba, Sibdu ta koma bin doguwar hanya ta bayan makaranta inda babu tudu, in za ta fita da shi kuma sai da igiya a wuya. Matsar mara sau uku a rana ba ta ɗauke ba, kuma da damina ta zo sai an wanke tayoyin kafin a bar shi ya shiga rumfa. Ya ƙara shekara uku a duniya.

Wadda ta fi shan wahalarsa Pogbi ce, domin bai taɓa gane cewa bayansa ya fi gabansa faɗi ba. Ya bi ta kan kuɓewar da ta shanya, ya ture tulu, ya maƙale a ƙofar madafa yana kuka sai an zo an ja shi baya. Wata rana Drabo ya zo duba sarƙar keken Sibdu, Pogbi ta tare shi da muciya a hannu.

"Kai mai walda, tunda ka iya yi masa keke, ka sa masa birki."

"Zan sa," in ji Drabo. "Ki dai samo wanda zai riƙa taka masa."