Gwangwani Ɗaya a Rana

"Ɗauke mini wannan ledar," in ji Malam Maiwada, yana ture fiya-wata da bayan hannu. "Na famfo za a ba ni."

Inna Uwa, matarsa, ta dube ni, na dube ta. Ko awa ɗaya ba a yi da dawo da shi daga asibitin Malumfashi ba, inda likita ya ce a kai shi gida a ci gaba da addu'a. Ƙafafu sun kumbura, numfashi da ƙyar, amma wai ruwan famfo yake nema!

Ta fita ta taro a kofin silba. Bai sha ba. Hanci ya kai, ya shaƙa sau biyu, sannan ya ɗago ido.

"Murtala, yau ka hau tanki?"

"Na hau, Malam."

"Ka ji tsoron Allah."

Ni Murtala, da ko a kasuwar Funtua ba a faɗa mini in yi shiru, sai ga ni ina sosa ƙeya.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu. Shekara goma sha ɗaya ke nan shi ke kula da tankin ruwan garinmu, Tudun Gawo, tun bayan damunar da amai da gudawa suka kwashi mutum goma sha tara, har da ƙanwata Kausar. Kullum da safe yakan dama gwangwanin madara ɗaya na garin kulorin, maganin tsarkake ruwa, a bokiti, ya hau tsani ya zuba. Duk wata uku kuma Malama Yetunde, jami'ar lafiya, takan zo ta gwada ruwan. In aka faɗi gwaji sau biyu a jere, kwaɗo ake sa wa tanki har sai an gama bincike, abin da kan ci watanni. Mun riga mun faɗi sau ɗaya da bazara, lokacin da bututu ya fashe. Yau Talata, jibi za ta dawo. In ta rufe, rijiyoyin bakin fadama za mu koma a tsakiyar damuna.

Ranar Juma'a, da za a tafi da shi asibiti, ni ya damƙa wa mabuɗin tankin. To, lokacin sa taki ne, masarata na jira. Sai na yi tunanin manomi: ai taki sau ɗaya ake zubawa, shuka ta yi ta ci har mako uku. Ranar Asabar na auna gwangwani bakwai cif, na antaya a tanki, na wuce gona abina.

Kai, na sha zagi ranar! Mata suka zubar da koko, mai shayi ya rantse ruwan har ido yake ci. Zuwa Litinin wari ya tafi, na ce alhamdu lillahi, abin ya daidaita.

Duk na faɗa masa, kaina a ƙasa. Wallahi na so ya zage ni, bai zage ni ba.

"Ruwa ba masara ba ne, Murtala. Wanda ka ba magani ya wuce tun Lahadi. Sabo ke shigowa kullum." Ya tsaya ya ja numfashi. "Nawa ya rage?"

"Kamar gwangwani biyu."

"Ɗaya gobe, ɗaya jibi. Yau kuwa, bi gida-gida ka ce a tafasa ruwan sha. In an tambayi dalili, ka ce kai ne."

Na bi. Lungu-lungu, cikin taɓo, ina sallama ina tona wa kaina asiri. Wata tsohuwa ta ce, "Allah wadaran naka ya lalace," na wuce gida na gaba. Duk yaron da na gani yana riƙe da ciki, sai in tsaya in tambayi uwarsa ko yana gudawa.

Ranar Laraba na zuba ɗaya da sassafe. Malam kuwa ya hana kowa sakat. Ya kwanta, ya ce a tayar da shi. A tayar da shi, ya ce a miƙo takalmansa.

"Ina za ka, Malam, fisabilillahi?" in ji Inna Uwa. "Ko zaure ba ka iya kaiwa."

"Zan dai leƙa."

Sau huɗu yana aikena famfon bayan firamare. Shi ne na ƙarshen layi, kuma shi Malama Yetunde ke gwadawa, don in magani ya kai can, to ya kai ko'ina. Na la'asar ya daɗe yana shaƙa, har ruwan na zuba a bargo.

"Uwa, shaƙa min. Akwai?"

"Ni ban ji komai ba."

"Ko dai hancina ne ya riga ni tafiya?"

Ba wanda ya yi dariya.

Safiyar Alhamis na leƙa shi kafin in tafi. Idonsa a rufe, na zaci barci yake. Sai ya kamo bakin rigata.

"Kada ka cika gwangwanin ya yi tozo. Shafe bakin da yatsa." Ya ƙara jan rigar. "In ta gwada, ka zo ka faɗa mini. Da gudu."

Na kankare gindin robar maganin tas, na shafe bakin gwangwanin da yatsa, na dama, na hau. Daga saman tanki ana hango tsakar gidan kowa. Ina cikin zubawa na ga Inna Uwa ta fito daga ɗaki ba mayafi, ta zauna daɓas a ƙasa kusa da turmi. Matata ta zagaya ta shiga, wata ma ta bi ta. Na fahimta. Amma sai da na juye bokitin duka kafin na sauko.

Da hantsi muka kai shi. Muna dawowa daga maƙabarta na hango babur a bayan firamare, Malama Yetunde na tsaye da jakarta.

"Ina Baba?" ta ce. "Shi da kullum yake riga ni zuwa, yana tsaye a kaina kamar mai gadin jarrabawa?"

Na faɗa mata. Ta dafe ƙirji.

"Allah ya jiƙansa. Amma gwajin, dole in yi."

"Yi, Malama."

Ta buɗe famfo ta bar shi ya zuba, ta tari ruwa a 'yar kwalba, ta jefa ƙwaya fara, ta girgiza. Ni dai na kasa tsayuwa wuri ɗaya. Ta ɗaga kwalbar saitin rana. A hankali ruwan ya soma yin ja-ja, kaɗan, kamar an ɗiga zoɓo a randa.

"Ya kai," ta ce. "Da ƙyar, amma ya kai."

Na juya da gudu. Sai da na yi taku biyar ko shida na ja na tsaya.

Na dawo a hankali na durƙusa a bakin famfon, na tara hannuwana. Jar ƙasar maƙabarta ta riƙa bin ruwan tana gangarawa kwata. A bayana wata mata ta ajiye bokitinta, tana jira in gama.