Gashin Zoila

Duk ranar sha biyu ga Satumba, Don Eleuterio Chicaiza sai ya goge takalminsa ya hau tudun tsohon birnin Kito, gwiwa ta yarda ko ta ƙi. Bana 'yarsa Piedad ce ta rako shi, tana mita tun daga tashar bas.

"Baba, coci nawa muka wuce? Maryam ɗin fa ɗaya ce. Ko ta wannan gidan ce kaɗai ke gane maganarka?"

Ya ce ta ji da kanta, ita da ke haki kamar ta girme shi.

Akwai abin da bai taɓa gaya mata ba. Piedad tana wata takwas zazzaɓi ya kusa tafiya da ita. Uwarta Zoila ta hau tudun nan ba takalmi, ta yi bakance a gidan sistocin coci. Ta sa almakashi ta datse jelar gashinta mai taɓa ƙugu, ta bayar a ɗora wa mutum-mutumin Maryam, ta kuma yi alkawarin ba za ta sake tara gashi ba. Ta rantsar da shi kada yarinyar ta ji, don kada ta tashi da nauyi a zuciya. Shekara tara ke nan da rasuwar Zoila, kuma hotunanta biyu da ke gida duk da hula ta ɗauka. Gashin nan ne kaɗai abin da ya rage masa na jikinta, shi yake zuwa gani.

Gidan sistocin tuni ya koma gidan tarihi. Yanzu tikiti ake yanka a 'yar tagar da shi da Zoila suka saba sayen alewar madara, ba ka ko ganin fuskar mai miƙo maka. Ginshiƙan dutsen da Sifaniyawa suka sa kakanninsa suka sassaƙa suna nan, itacen lemon tsakar gida ma yana nan. Ƙanshin kyandir ne ya tafi, kuma yana kewarsa ƙwarai.

Ya isa gaban gilashin da aka ajiye mutum-mutumin a ciki, ya cire hula, sai ya tsaya cak. Ga Maryam da fuskarta ta shekara ɗari uku, an wanke ta tas. Kanta kuwa katako ne zalla.

Ya ƙi gusawa, har mai gadi ya gaji ya kira wata ma'aikaciya mai farar riga, Noemí. Ta yi masa bayani cikin ladabi: an mayar da mutum-mutumin yadda masassaƙinsa ya bar shi, gashin kuwa ƙari ne na baya-bayan nan, bai kai tsufan shiga tarihi ba.

"'Yata, shekara hamsin da biyu ba tsufa ba ne?" ya ce wa Noemí. "Zubar da shi kuka yi?"

Noemí ta ce su biyo ta. A wani ɗaki na baya ta sauko da dogon kwali, ta buɗe farar takarda. Yana nan, baƙi wuluk, gashin mace 'yar shekara ashirin da huɗu. Noemí ta zaro safar hannu za ta ba shi, sai ta fasa, ta mayar aljihu. Ya ɗora tafinsa a kai.

Piedad ce ta hango 'yar takardar da sistoci suka maƙala tun wancan lokacin. Sunan uwarta ne, da shekara, da layi ɗaya: domin Piedad ta rayu. Ta karanta sau biyu, ta laluba kujera ta zauna.

"Baba," ta ce a hankali, "ni fa na hana ta zuwa bikin gama makarantarmu. Cewa na yi kanta kamar na soja, za a yi mini dariya."

"Ai ta zo," in ji shi, bai ɗauke hannunsa ba. "Muna tsallaken titi, ni da ita, har muka ji an kira sunanki."